Ibrahim El-Salahi: Ɗan Makarantar Allo Da Ya Zama Malamin Zane

Tarihin da muka kawo wa 'yan'uwa a wannan fitowa na wani mutumin ƙasar Sudan ne, sunansa Ibrahim El-Salahi. Sana'arsa zanen hoto da koyar da shi. Na san wani zai ce, to mu da muka saba jin tarihin malamai da sarakuna da fatake, ina ruwanmu da mai zane? A yi haƙuri a bi ni sannu. Mutumin nan ɗan malami ne, a makarantar allo ya buɗe ido, kuma bayan ya je Ingila ya yi karatun zane mai zurfi, sana'ar ba ta karɓe shi ba sai da ya dawo kan allon da ya baro. Ban da haka, ɗaya daga cikin wuraren farko da aka baje kolin aikinsa a wajen ƙasarsu, nan Ibadan ne, a Dugbe, cikin 1961. Ka ga ashe ba baƙo ba ne can-can.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Ibrahim ran 5 ga Satumba 1930 a unguwar Abbasiyya, cikin birnin Umdurman. Birnin yana gaɓar kogin Nilu ta yamma, Kartum tana tsallaken ruwa. Shi ne hedkwatar Mahadi da halifansa Abdullahi tun daga 1885 har 1898, lokacin da Turawan Ingila suka ci su da yaƙi a Karari. Sudan kuwa ba sai an gaya wa Bahaushe ita ba. Ta nan alhazanmu na zamanin tafiyar ƙasa suke ratsawa, wasu su yi shekaru suna noma da ƙwadago kafin su tara guzurin tsallaka Bahar Maliya, wasu kuma can suka yada zango har abada, kamar jama'ar Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Mahaifin Ibrahim malamin addini ne, yana da makarantar allo, wadda mutanen Sudan suke ce wa halwa. Wanda ya yi tamu in ya shiga tasu ba zai ɓata ba: allo ne na itace, da alƙalamin kara, da tawadar da ake haɗawa da baƙin hayaƙi da ƙaro, a rubuta, a biya, a haddace, a wanke. Ɗan bambancin shi ne, a tsakiyar Sudan an fi sanin ruwayar Duri, mu kuwa Warshu muka gada. Suna kuma da wata al'ada da suke kira sharafa. Idan almajiri ya kai wani mataki a karatu, sai a ƙawata masa gefen allonsa da layuka da kusurwoyi da launuka, ya ɗauka ya kai gida a yi murna a sa masa albarka. Mu nan ai zayyana ke nan, sai dai mu mun fi yin ta ranar sauka. To, a wannan makaranta ta mahaifinsa Ibrahim ya koyi riƙon alƙalami, ya san yadda ake jan layi ya miƙe, da yadda ake raba fuskar allo a tsara ta. A lokacin ba wanda ya ɗauki wannan da sunan fasaha, karatu ne kawai.

Karatun boko da tafiya Ingila

Daga allo aka sa shi boko. Ya yi sakandare a Wadi Sayyidna, arewa da Umdurman, sa'an nan a 1949 ya shiga makarantar koyon zane da ke cikin Kwalejin Gordon ta Kartum, kwalejin da Turawa suka buɗe a 1902. A shekarun nan akwai wani gwanin rubutun Larabci mai suna Usman Waƙi'allah da ke koyarwa a makarantar, wanda ake lissafa shi cikin na farko a Sudan da suka ɗauki harafin Larabci a matsayin abin ado mai tsayuwa da ƙafarsa.

A 1954 Ibrahim ya sami sikolashif zuwa makarantar Slade ta Jami'ar Landan, ɗaya daga cikin manyan makarantun zane na Ingila. Shekara uku ya yi, har 1957. Ya koyi abin da ake koya wa ɗan Bature: a zaunar da mutum a gabanka ka zana shi kamar ya yi magana, ka san yadda haske da inuwa suke faɗawa a fuska, ka san yadda abu na nesa yake ƙanƙancewa, ka iya fentin mai. Ya yi ta yawon gidajen tarihi yana nazarin aikin magabatansu, irin su Giotto na Italiya da Cézanne na Faransa. Yana can ƙasarsa ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1956. Da ya dawo a 1957 sai aka ba shi aikin koyarwa a makarantar da ya fito, wadda a lokacin ta koma ƙarƙashin kwalejin fasaha ta Kartum. Saurayi ɗan shekara 27, ga takarda daga Landan, ga aikin gwamnati a sabuwar ƙasa. Ai sai a ce kakarsa ta yanke saƙa.

Kayan da suka ƙi sayuwa

Bayan dawowarsa ya shirya baje kolin zane-zanensa a babban otal ɗin Kartum, Grand Hotel, irin aikin da ya koyo a Landan: hotunan mutane, da na filaye da itatuwa, da na kayan da aka jera a kan tebur. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin abin da ya faru. Ranar buɗewa mutane suka zo, aka sha lemo, aka gaisa, aka watse. Daga ranar kuwa sai tsit, mutanen gari ba su sake leƙowa ba.

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san wannan ciwo. Ka saro abu mai kyau da tsada, ka jera, mutane su zo su taɓa su ce ma sha Allah su wuce. A nan 'yan kasuwa suke rabuwa gida biyu. Wani zai zauna yana zagin masu saye, wai ba su san abu mai kyau ba. Wani kuwa zai tashi ya bi su ya ga abin da suke kashe kuɗinsu a kai. Malam Ibrahim da ya ga dama da ya ce mutanensa ba su waye ba, kamar yadda 'yan boko da yawa na zamanin suke faɗa, ya ci gaba da sayar wa Turawan da ke Kartum. Sai ya ɗauki hanya ta biyu. Ya ja baya da irin wancan zane na wani lokaci, ya shiga yawo a cikin ƙasa, yana shiga gidajen mutane da kasuwanni da makarantun allo, yana duban abin da suke ratayewa a bango da abin da suke ƙawatawa.

Abin da ya gani shi ne abin da ya baro a gidan ubansa. Ayoyi da sunayen Allah da na Manzo cikin kyakkyawan rubutu, an rataye a ɗaki. Allunan sharafa. Faifan rufe abinci masu launi, da tabarmi, da zanen ƙwarya, da aikin dukawa. Ashe mutanen nan suna son ado, har suna biyan kuɗi dominsa, nasa ne dai bai yi magana da su ba. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa.

Komawa kan harafi

Sai ya sake lale. Da farko ya riƙa sa rubutun Larabci a cikin zanen, ya ga mutane sun fara matsowa suna dubawa, domin sun ga abin da suka sani. Daga nan ya ƙara zurfi. Ya ɗauki harafi ya ware shi daga kalma, ya ja shi, ya lanƙwasa shi, ya karya shi, ya tsaya yana duban filin da ke tsakanin harafi da harafi. Ya ce daga cikin waɗannan filaye ne siffofi suka riƙa fito masa, wata kamar fuska, wata kamar tsuntsu, wata kamar tsiro ko jinjirin wata.

Wannan magana tana iya ba wani mamaki, amma ɗan makarantar allo na ƙasar Hausa bai kamata ta ba shi ba. Tuna yadda aka koya mana babbaƙu. Ainun da ke farkon kalma muna ce masa ambaki wofi, saboda bakinsa a buɗe yake. Wanda ke tsakiya an likkafa, saboda ya yi kama da likkafar doki. Ga kuma ɗa mai hannu. Wato tun muna yara malamanmu sun nuna mana harafi yana da baki yana da hannu. Abin da Malam Ibrahim ya yi shi ne ya bi wannan gani har ƙarshensa.

Launukansa ma ya sauya su. Ya koma ga launin ƙasar da ya tashi a cikinta: ja irin na jan ƙasa, da ruwan ƙasa, da rawaya mai duhu, da baƙi da fari. Wani babban aikinsa da ya yi tsakanin 1961 da 1965, wanda ma'anar sunansa ita ce sautukan mafarkin yarinta da suka sake haihuwa, bai yi shi a kan ƙyallen da Turawa suke zane a kai ba. A kan damuriya ya yi shi, wato farin saƙin hannu na auduga na mutanen Sudan, kuma tsawonsa da faɗinsa kowanne ya haura mita biyu da rabi. Yau yana hannun gidan adana zane na Tate a Landan.

A 1964 ya yi ayyuka biyu da ake yawan ambata. Ɗaya ya sa masa suna Masallaci, ɗan ƙarami ne, an ga alamar hasumiya da layuka masu kama da rubutu, da wata doguwar fuska a gefe. Babban gidan zanen zamani na birnin Niyok a Amurka ya saye shi a 1965. Ɗayan kuwa Sautin Ƙarshe, ya yi shi ne bayan rasuwar mahaifinsa, kuma sunan yana nuni ga addu'a da kalmar shahada da ake laƙƙana wa mai barin duniya, wato abin da kunnensa zai ji na ƙarshe.

Zuwansa Ibadan

Yadda aka yi ya zo garin nan kuwa, akwai wani Bajamushe mai suna Ulli Beier da ya zo Nijeriya a 1950 yana aiki da Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Shi ya kafa mujallar Black Orpheus a 1957, sa'an nan a 1961 shi da wasu marubuta da masu zane suka buɗe kulob ɗin Mbari a Dugbe, a wani tsohon gidan abinci na Kwara. Cikinsu akwai Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo, sunan kulob ɗin kuwa Chinua Achebe ne ya kawo shi daga al'adar Ibo. Beier ya ga aikin Malam Ibrahim ya yaba, ya yi rubutu a kansa, aka baje kolinsa a Mbari a 1961, shi ma ya zo Nijeriya a shekarar. A 1962 Mbari ta buga ɗan littafin zane-zanensa.

A nan ya tarar da samarin Nijeriya masu ciwo irin nasa. Uche Okeke da Demas Nwoko da abokansu sun yi karatun zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello daga baya, kuma tun 1958 suka kafa ƙungiya suna cewa ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki, kamar yadda Malam Ibrahim ya koma ga allo. Kowa ya je ya tono abin gidansu. Daga Ibadan ƙofofi suka yi ta buɗe masa: a 1962 hukumar UNESCO ta ɗauki nauyin tafiyarsa Amurka, ya sake komawa a 1964, a 1966 kuma shi ya jagoranci tawagar Sudan zuwa bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar.

Malanta

Duk wannan yawo, aikinsa na yau da kullum koyarwa ne, har ya zama shugaban sashen zanen fenti a kwalejin. Shi da abokin aikinsa Ahmad Shibrain, da Kamala Ibrahim Ishaƙ wadda ta yi karatu a kwalejin ta dawo tana koyarwa, su ake kira Makarantar Kartum. Ba gini ba ne, hanya ce, kamar yadda muke cewa makarantar malam wane. Wanda ake danganta wa raɗa sunan shi ne Denis Williams, wani mai zane ɗan ƙasar Gayana da ya koyar a Kartum kafin ya dawo Nijeriya da aiki. Abin da hanyar ta tsaya a kai shi ne, ɗalibi ya koyi ƙa'idar sana'a yadda take ko daga ina ta zo, amma abin da zai zana da yadda zai tsara shi ya nemo su a gida.

Sai dai malami ba ya rasa ɗalibin da zai ja da shi. A shekarun 1970 wasu matasa da suka fito daga kwalejin, irin su Hassan Musa, suka soki wannan hanya. Suka ce Sudan ƙasa ce mai ƙabilu da yawa, ga mutanen Kudu da yawansu ba Musulmi ba ne, saboda haka harafin Larabci ba gadon kowa da kowa ba ne, kuma hukuma tana fakewa da irin wannan zane ta nuna wa duniya fuska ɗaya tak. Ita ma Kamala ta ware da wasu ɗalibanta suka kama wata hanya dabam. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma rabuwar Sudan biyu a 2011 ta nuna girman matsalar. Amma a yi wa Malam Ibrahim adalci, shi kullum yana cewa Sudan jini biyu gare ta, na Larabawa da na baƙar fatar Afirka, kuma dogayen fuskokin da ke cikin aikinsa daga ɓangare na biyun suka fito. Ko ba komai, ɗaliban da suka yi jayayya da shi a kan me ya kamata ɗan Sudan ya zana, tambayar da shi ya fara yi suke amsawa.

Maganar halacci

Yanzu sai mu zo kan abin da na san yana cin ran mai karatu tun ɗazu: shin zanen hoto ya halatta ga Musulmi, balle ɗan malami? Fatawa ta malamai ce, amma ga abin da yake sananne a littattafai. Hadisai ingantattu sun zo a Buhari da Muslim da gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai. A cikinsu akwai labarin wani mai wannan sana'a da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana neman fatawa. Ya tsoratar da shi, sa'an nan ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya, mazhabar da mu da akasarin mutanen Sudan muke bi, sun rarrabe. Mutum-mutumi mai jiki, cikakke, mai inuwa, shi ne haramun. Zanen da yake shimfiɗe a takarda ko ƙyalle ko bango kuwa sun sa shi a babin karhanci ko barin abin da ya fi. Malamai da yawa na sauran mazhabobi sun hana duka biyun.

Malam Ibrahim ya zana fuskoki da tsuntsaye da dabbobi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, ko da yake mafi yawansu ba kamannin wani mutum takamaimai ba ne. Abin da ya sha gaya wa masu hira da shi shi ne, ba ya fara aiki sai ya yi salla, kuma bai ɗauki kansa mai ƙirƙira ba, shi hanya ce kawai da abin yake biyowa. Mai bin fatawa mai tsanani zai ɗauki rubutunsa da itatuwansa ya bar sauran, mai bin ɗaya fatawar kuma yana da malamansa. Allah Shi ne masani.

Daga ofis zuwa kurkuku

A 1969, shekarar da Ja'afar Numeiri ya yi juyin mulki, aka tura Malam Ibrahim ofishin jakadancin Sudan a Landan yana kula da harkar al'adu. A 1972 aka kira shi gida aka ba shi shugabancin sashen al'adu, har ya kai babban sakatare a ma'aikatar al'adu da watsa labarai. To, kusa da sarki kusa da wuta. Ran 5 ga Satumba 1975 wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da Numeiri, abin bai yi nasara ba. Cikin 'yan kwanaki aka kama Malam Ibrahim bisa zargin yana da hannu, aka kai shi kurkukun Kobar da ke Kartum ta Arewa. Wata shida da kwana takwas ya yi a ciki, ba a kai shi gaban alƙali ba.

A kurkukun an hana fursuna riƙe takarda da abin rubutu, wanda aka kama da su sai a kulle shi shi kaɗai. Shi kuwa ya sami ɗan guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, in ya ji motsin gandiroba sai ya binne cikin rairayi. Tun da takardar ba ta da girma, sai ya yi zane a guntu ɗaya, ya kawo wani guntun ya jona a gefe ya ci gaba, hoton ya yi ta yaɗuwa kamar kabewa. Wannan dabara ta dole ita ta zama hanyar aikinsa har bayan ya fito: ya fara daga ɗan ƙwaya a tsakiya, bai san inda za ta kai shi ba, ya yi ta ƙara takarda.

An sake shi a watan Maris 1976, aka yi masa ɗaurin talala a gida. A nan ya cika wani littafi da zane 38 na alƙalami da tawada, haɗe da ayoyi da addu'o'i da abin da ya gani a Kobar, don ya sauke abin da ke ƙirjinsa. Shi ake kira Littafin Kurkuku, an buga shi a 2018.

Zaman baƙunci da itacen gawo

A 1977 ya bar Sudan ya koma Katar. Shekara 21 ya yi a can yana aikin gwamnati, fassara da ba da shawara a harkar watsa labarai, mutane da yawa da ke aiki tare da shi ba su ma san mai zane ba ne. A shekarun nan ya fi yin aiki da baƙar tawada a kan farar takarda, kamar ya koma allo sosai. Mafi girman aikinsa na lokacin ya yi shi ne a 1984 zuwa 1985, falle tara da aka jona, yana nuna jama'a sun ɗaga hannu sun tashi wa zalunci, ya sa masa suna Abin Da Ba Makawa. A watan Afrilu 1985 kuwa mutanen Kartum suka fito kan titi, mulkin Numeiri ya faɗi.

A 1998 ya koma birnin Oksfod na Ingila da zama. A can, cikin sanyi da ruwan sama, sai ya kama zanen wani itace na gaɓar Nilu da suke kira haraz, ya yi ta zana shi shekara da shekaru. Haraz ɗin nan ba wani abu ba ne illa gawo. Kowa ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowane itace ya yi kore, shi sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya fari fat, da rani kuwa, sa'ad da kowa ya bushe, sai ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da abinci. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, gero yana yin kyau a gindinsa. Mutanen Sudan suna da labarin cewa wai haraz faɗa ya yi da ruwan sama. Malam Ibrahim ya riƙa zana shi da miƙaƙƙun layuka da aka ja da ma'auni, wani lokaci ka rantse allon zayyana ne aka kafa a tsaye. Ga shi dai ɗan malamin, bayan doguwar tafiya, ya zo kan abin da Ibnu Abbas ya nuna wa mai tambayarsa.

Girmamawa ta zo masa da tsufa. A 2001 aka ba shi lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan. A 2013, yana da shekara 82, gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa, sama da guda ɗari, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da gidan ya yi wa haka. A farkon 2017, da gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi bakwai shiga ƙasar, har da Sudan, sai gidan zanen nan na Niyok ya ɗauko Masallaci ya rataye shi a ɗakunan da ake ajiye aikin manyan masu zanen Turai, don nuna rashin yarda. Da ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban aiki kuwa, bai ajiye alƙalami ba. Sai ya riƙa buɗe kwalayen magungunan da yake sha yana zane a bayansu, kamar yadda ya yi da takardar siminti a Kobar. An nuna irin waɗannan ƙananan zane-zane nasa a babban bikin zane na birnin Venis a Italiya a 2022.

Abin lura gare mu

'Yan'uwa, mutumin nan bai raina ilimin Landan ba, da shi ya san sirrin sana'a. Amma jarin da ya yi ciniki da shi har duniya ta san shi, a makarantar mahaifinsa ya samo shi, tun bai san jari ba ne. Mu ma muna da irinsa. Zayyanar allon sauka, da adon da marubuta Alƙur'ani suke yi a kan rubu'i da hizbi, da zanen aska takwas da malamai suke fitarwa da alƙalami da tawada a kan riga kafin maɗinki ya sa allura, da adon bangon gidajen Kano da Zariya, duk reshe ɗaya ne. Mu da muke zaune nesa da gida, yaranmu sun fi kowa haɗarin tashi ba su san waɗannan ba. Yaro zai sauke, a sayo masa allon zayyana, bai san wanda ya yi ba, bai kuma taɓa ganin ana yi ba.

Saboda haka idan Allah Ya ba ka yaro mai yawan zane a ƙasa da bango da bayan littafi, kada abin ya tsaya ga tsawa da bulala. Kai shi wurin malami mai kyan hannu ya koyi rubutu da zayyana, ka tambayi malamai iyakar da shari'a ta sa, in kuma ya kai munzalin shiga makarantar fasaha, ya shiga da abinsa a hannu. Malaman makarantun allo da na Islamiyya na unguwa su ma muna roƙonsu su ware wa kyan rubutu lokaci, ko da sau ɗaya ne a mako.

Allah Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, Ya kawo musu ƙarshen fitinar da ta ɓarke musu a 2023, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.